Kiyaye haɗarin gas a wuraren sayar da abinci a Katsina

Kiyaye haɗarin gas a wuraren sayar da abinci yana nufin matakan da mai gidan abinci, otal ko gidan burodi yake ɗauka don kare ma'aikatansa daga gobara, fashewar tukunyar gas da shaƙar iska mai guba. A birnin Katsina, kamar sauran biranen Arewa, masu sana'ar abinci da yawa sun bar itace da gawayi sun koma gas, tun daga manyan otal-otal har zuwa mai shayi da indomi a bakin titi.

Yanayin gas ɗin girki

Gas ɗin girki haɗin sinadarai biyu ne, furofen da butan. A cikin tukunya ruwa ne, sai ya fito yake zama iska, kuma lita ɗaya ta ruwan tana ba da kusan lita 250 ta iskar. Ya fi iska nauyi, don haka idan ya yi yoyo ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa, a ƙarƙashin tebur ko cikin kwata. Asalinsa ba shi da wari. Warin da ake ji sinadari ne da ake sa masa da gangan don a gane yoyo. Ba a cika tukunya maƙil, ana barin kusan kashi 20 cikin 100 saboda ruwan yana kumbura da zafi. Wannan ya fi muhimmanci a Katsina, inda zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40. Jama'a suna cewa "tukunyar gas" ko "silinda", duka biyun ana jin su a kasuwa.

Abin da doka ta ce

Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ambaci kare lafiya da amincin ma'aikata, amma yana cikin babin da ba a kai ƙara kotu a kansa kai tsaye. Dokar da ta fi shafar mai gidan abinci ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010. Ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya biya kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya ga asusun da hukumar NSITF take kula da shi, ya kuma kai rahoton raunin da ma'aikaci ya ji cikin kwana 7. Hukumar SON ce take tsara ingancin tukwane, ta kuma ƙayyade musu shekara 15, tare da gwaji duk shekara 5. Lasisin masu sayar da gas yana hannun NMDPRA, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa.

Matsalar ita ce yawancin yara da matan da suke aiki a ƙananan gidajen abinci ba su da takardar ɗaukar aiki, biyan yini ake musu. Idan ɗayansu ya ƙone, magani yakan rataya ne a kan tausayin maigidansa. A Birtaniya kuwa, dokar 1998 ta hana wanda ba shi da rajista gyara kayan gas a wurin aiki.

Nauyin da ke kan mai wuri

Tukunya tana zama a tsaye, a inuwa, inda iska take ratsawa, nesa da murhun gawayi da janareta. Manyan tukwane masu kilo 50 a waje ya kamata su zauna. Ana gwada tiyo da rigileta da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan yoyon yake, ba a gwadawa da ashana. Tiyon ruwa ba ya maye gurbin na gas. Wuta mai kyau shuɗiya ce. Idan ta koma rawaya tana baƙanta tukunya, gas bai ƙone sosai ba, kuma yana iya fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari amma tana kisa. Haɗarin yana ƙaruwa lokacin hunturu da ake rufe tagogi.

Dole kowane ma'aikaci, har mai wanke-wanke, ya san yadda ake rufe tukunya. Idan an ji wari, a rufe ta, a buɗe ƙofofi, kada a taɓa makunnin lantarki, a fita waje kafin a kira 'yan kwana-kwana.

Juye gas daga wata tukunya zuwa wata a cikin shago yana daga cikin ayyuka mafi haɗari. A ranar 4 ga Janairu 2020 gas ya fashe a wani shagon sayar da shi a Sabon Tasha, Kaduna, inda mutane suka rasu, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya.