Yadda ake zagaya tsohon birnin Kano da ƙafa

Mai son ganin tsohon birnin Kano sai ya ajiye mota, domin lungunansa sun samu ne tun zamanin da jakuna da raƙuma ke dakon kayan fatake.

Masu yawon buɗe ido kan fara daga Ƙofar Mata, inda ake rina tufafi da baba a karofin da ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498. Daga nan sai a miƙe yamma zuwa Babban Masallacin Juma'a da Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya gina, wadda har yau ita ce fadar Kano. Daura da ita akwai Gidan Makama, inda ake adana kayan tarihi.

Tafiyar kan ratsa Kasuwar Kurmi, matattarar dukawa da masu kayan doki, ta ƙare a kan Dutsen Dala, inda ake hango birnin baki ɗaya.

Daga can ne mai kallo zai ga irin asarar da ake tafkawa. Ganuwar da Sarki Gijimasu (1095-1134) ya aza harsashinta ta zube a wurare da dama, sakamakon zaizayar ruwan sama, ɗibar ƙasa da gine-gine.

Tun 2007 ganuwar ke cikin jerin jiran tantancewa na hukumar UNESCO, alhali tsohon birnin Krakow na ƙasar Poland, wanda baƙi ke zagayawa da ƙafa, ya samu shiga jerin wuraren tarihi na duniya tun 1978. Samun irin wannan matsayi ya dogara ne ga kare abin da ya rage.