Garantin firiza daga yaushe yake fara ƙirguwa?

Yau ba maganar abincin tarwaɗa zan yi ba, wata asara ce da na tafka da hannuna.

A watan Janairun bara na je birni na sayo firiza, irin mai buɗewa ta sama, da niyyar in riƙa sarin ɗanyen kifi wajen masunta a Wara ina ajiyewa a Yawuri. Mai shago ya ce garantin shekara ɗaya ne. To kun san halin wutarmu, ga dam ɗin Kainji kusa da mu tun 1968 amma sai a hankali. Sai na ce bari in jira in haɗa sola tukuna. Haka firizar ta zauna cikin kwalinta har watan Yuni.

Fabrairun bana kwamfuresa ta tsaya cak, ga karfasa da giwan ruwa cike a ciki. Hankalina kwance na kira mai shagon, don a lissafina wata 8 kawai ta yi tana aiki, saura 4. Ya ce, "Malam, duba rasit ɗinka." Na duba. Wata 13 ke nan da saye. Garanti ya ƙare tun watan jiya.

Wallahi na ji haushi, amma mutumin bai cuce ni ba. A ƙa'idar yawancin kamfanoni, garanti yana fara aiki ne daga ranar da ke kan rasit, ba ranar da ka kunna ba. Wata biyar ɗin da ta yi a kwali ni na cinye su. Kuma wai ni ne na karanta harkar kasuwancin noma a jami'a!

Wannan ya shafi injin ƙyanƙyasa ma, har ya fi. Mutum zai saya da rani yana jiran damina zabi su fara ƙwai. Ƙwan kaza kwana 21 ne, na zabo wajen 28, zagaye nawa za ka yi kafin lokacin ya cika? In za ka saya, saya lokacin da ka shirya, ko ka nemi janareta ka gwada shi a makon farko.

Idan oda ka yi kuma kayan suka daɗe a hanya, nemi a rubuta maka ranar da suka iso hannunka, da sa hannu. Masu kai kaya Shanga ko tsallaken ruwa ku lura da wannan. Katin garanti kuma a buga masa hatimi, a rubuta lambar jikin injin, ka ɗauki hotonsa a waya, don tawadar wasu rasit gogewa take.

Abin da ba a cika faɗa ba: galibi garanti bai ɗaukar ɓarnar da wuta mai ƙarfi ta yi, kuma da zarar mai gyaran unguwa ya kwance injin, shi ke nan. Firizar da aka kwantar a mota ko jirgin ruwa, a bar ta tsaye kwana guda kafin a jona, man kwamfuresa ya koma mazauninsa. Wasu kamfanonin suna ba kwamfuresa garanti daban mai tsawo, ku tambaya. Tawa dai babu.

Kifin kuwa, a daren muka kwashe shi zuwa wajen masu banda. Da ƙyar uwar kuɗi ta fito.