Jakin da ke dalalar da miyau: kada a sa mishi hannu a baki

Ƴan uwa mata, da yawa cikinmu da rancen asusu muka sayi jaki ko ƴar akuya. Jakin nan shi ke ɗauko ruwa, shi ke jan amalanke zuwa kasuwa. To ku sani, ciwon haukan kare ba a kan kare kaɗai yake tsayawa ba. Yana kama doki, jaki, saniya, akuya, har raƙumi, galibi bayan wani karen yawo ya cije su da dare ba wanda ya gani.

Cutar a cikin miyau take. Bayan cizon, dabba tana iya yin makonni ko watanni lafiya lau, har a mance. Sai wata rana jaki mai sanyin hali ya fara cizo da harbi, ko doki mai zafi ya yi laƙwas. Miyau na zuba, haɗiya ta gagara, ƙafafun baya na tangaɗi. Wani har ya dinga gatsar jikinshi.

A nan ne ake yin kuskure mafi muni. Sai a ce ƙaya ce ko leda ta maƙale mishi, a kira yaro ya riƙe kai, maigida ya zura hannu. Ƴar tsaga a yatsa ta isa cutar ta shiga. A ɗaure dabbar nesa da yara da sauran bisashe, a kira likitan dabbobi. Kuma kada a yi saurin yankawa don a tsira da kuɗin nama, ko da bashi bai ƙare ba. Na san da ciwo, amma mai fiɗa ma yana cikin haɗari.

In an ciji mutum, ko miyau ya taɓa rauni, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Ba toka, ba barkono. Sannan a tafi likita ran nan, a karɓi alluran rigakafi duka, kada a tsaya a ta farko. Da zarar alamu sun fito, kusan ba mai tashi.

Abin da ke tsai da mu, kuɗin mota ne da na allura, tunda ba kowace likita ke da ita ba, wani sa'in sai an je babban gari. Shawarata: a taro mai zuwa kowace ƙungiya ta amince cewa cizon kare, jaki ko doki yana cikin abin da kuɗin taimako ke biya nan take. Shugaba da masu makulli su buɗe akwati, ba sai an jira ranar zubi ba.