Idan an sayar da kamfani, wa ake fara biya?

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da ke aiki a sababbin kamfanonin fasaha ana haɗa musu albashi da hannun jari, wasunmu kuma akan kawo mana tayin zuba kuɗi a irin waɗannan kamfanoni. Abin da muka fi tambaya shi ne kashi nawa za mu mallaka. Ba kasafai muke tambayar wanda za a fara biya ba ranar da aka sayar da kamfanin, alhali nan gizo ke saƙar.

Abin da ya sami ma'aikatan Good Technology, wani kamfanin tsaron wayoyin hannu a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya isa darasi. An taɓa yi masa ƙimar dala biliyan 1.1, amma a shekarar 2015 BlackBerry ya saye shi a kan dala miliyan 425. Manyan masu zuba jari sun karɓi sama da dala 3 a kan kowane hannun jari, su kuwa ma'aikata senti 44 kacal suka samu. Wasunsu ma sun riga sun biya haraji a kan tsohuwar ƙimar.

Dalili shi ne hannun jarin iri biyu ne. Masu kafa kamfani da ma'aikata na gama-gari suke riƙewa. Manyan masu zuba jari kuwa na fifiko suke saye, bisa sharaɗin sai an mayar musu da uwar kuɗinsu kafin kowa ya taɓa ko sisi, tamkar yadda ake biyan bashin mamaci kafin a raba gado.

Mu ɗauki misali. Wasu sun zuba dala miliyan 10 sun karɓi kashi 20 cikin ɗari. Idan aka sayar da kamfanin a kan miliyan 12, za su ɗebe 10, masu kashi 80 su raba 2. Idan sharaɗin ninki biyu ne, miliyan 12 ɗin duka tasu ce. Akwai kuma sharaɗin ci biyu, inda za su karɓi uwar kuɗinsu, sannan su sake shiga rabon abin da ya rage.

Su kansu masu fifikon ba sahu ɗaya suke ba. Bahaushe na cewa wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi, amma a nan sau da yawa waɗanda suka zuba kuɗi a ƙarshe, musamman lokacin da kamfani ke cikin matsi, su ake fara biya. A wata yarjejeniyar kuma ana biyan su tare, kowa gwargwadon abin da ya zuba.

Saboda haka kafin mu sa hannu, ko mu bar ɗanmu ya karɓi ƙaramin albashi don kwaɗayin hannun jari, mu tambaya: wane iri za a ba mu, nawa ne jimillar kuɗin da ke gabanmu a layi, kuma me zai zo hannunmu idan aka sayar da kamfanin da araha? Mu nemi amsar a rubuce, mu kai wa lauya ya duba, don kada mu yi cinikin biri a sama.