Robar Kafireton Babur

Babur ya zama dokin zamani a ƙauyukanmu. Da shi mu ke kai hatsi kasuwa, da shi mu ke kai marar lafiya asibiti. Da yawa daga cikinmu tsohon babur gare mu, irin su Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa tun cikin shekarun 1970, ko Jincheng, ko waɗansu masu kama da su. Tsohon babur kuwa ba ya rasa 'yan cuce-cuce. Yau za mu yi magana a kan guda ɗaya, wadda ta ke cinye wa mutane kuɗi ba su sani ba.

Aikin robar

Inji ba ya shan fetur zalla. Sai an gauraya shi da iska tukuna. Abin da ke gaurayawa shi ne kafireto. Yana auna su kamar yadda mace ta ke auna gari da ruwa in za ta tuƙa tuwo. In an bi nauyi, iska wajen kashi 15 ce, fetur kashi 1.

Galibi kafireto yana da roba biyu. Ta baya ita ke haɗa shi da akwatin da ke tace iska. Ta gaba ita ke haɗa shi da kan inji. Iska ta kan bi ta matata, ta bar ƙurarta a can, ta shiga kafireto, ta ɗauki fetur, sa'an nan ta wuce ta robar gaba zuwa cikin inji. Hanya ɗaya ke nan, ba ta da ta biyu.

Amma roba tana tsufa. Zafin inji yana gasa ta, fetur yana jiƙa ta, gargadar hanya tana jijjiga ta. A kwana a tashi sai ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage kamar kaushin ƙafa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ƙadangarun nan biyu ne, iska da ƙura.

In robar gaba ta tsage, inji ya kan zuƙi iskar da kafireto bai auna ba. Iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan, sai inji ya riƙa zafi fiye da kima. In ta baya ce ta tsage, ƙura ta samu ƙofa. Mun san yadda ƙura ta ke da hunturu. In ta shiga inji ta kan goge fistin da zobbansa kamar yashi, har babur ya fara hayaƙi, ya rasa ƙarfi. Gyaran wannan kuwa ya ninka kuɗin roba sau da yawa.

Alamun da za mu lura da su

Babur ya kan yi wuyar tashi da safe. In ya tashi ba ya riƙe wuta a tsaye, ko kuwa ya yi ta ihu ko da mun saki totur. Salansa ta kan yi tas-tas in muna gangara. In mun kwance fulogi sai mu ga bakinsa fari kamar toka. Fulogi mai lafiya kuwa bakinsa ƙasa-ƙasa ne.

Nan ne mutane da yawa su ke asara. Wani ya sayi sabon fulogi, wani ya yi ta wanke kafireto, wani ma ya sake shi ɗungum, amma ciwo yana nan. Mu fara duba roba tukuna, dubawa ba ta cin ko kwabo.

Mu danna ta da yatsa, mu ɗan tanƙwara ta, mu leƙa har ƙarƙashinta. In da tsaga, za ta buɗe baki. In ba mu gani ba, mu ta da babur, mu bar shi a tsaye, mu fesa wa robar ɗan ruwa kaɗan. In muryar inji ta sāke, lalle iska tana shiga ta nan. Kada mu gwada da fetur, gama ya kan kama wuta.

Yadda za mu sake ta

Mu rubuta sunan babur da lambarsa a takarda, mu tafi da ita wurin mai sayar da kayan babur. In da hali mu tafi da tsohuwar robar, mu gwama ta da sabuwa. Mu matsa sabuwar a hannu. In ba ta da laushi, ta daɗe a ajiye ke nan, mu bar masa abarsa. Araha ba ta ado.

Kayan aiki kaɗan ne: sukundireba, da sufana, galibi mai lamba 8 ko 10, da tsumma mai tsabta, da kwano na zuba notuna.

1. Mu jira inji ya huce sarai. Mu yi aiki da rana a fili, nesa da murhu da fitila da mai shan taba.

2. Mu rufe famfon mai, mu zare tiyon da ya zo daga tanki. Mu tsiyaye man da ke cikin kafireto a gwangwani.

3. Mu share ƙura da dauɗa daga wurin kafin mu kwance kome.

4. Mu sassauta zoben ƙarfen da ya ɗaure robar baya, mu kwance kafireto, mu janye shi a hankali, kada wayar totur ta lanƙwashe.

5. Mu kwance robar gaba daga kan inji. Nan da nan mu toshe ramin da tsumma, don kada tsakuwa ko noti ya faɗa ciki.

6. Mu goge bakin ramin tas. In akwai siririn zoben roba ko takardar da a ke sawa a tsakani, su ma mu sa sababbi.

7. In sabuwar roba ta ƙi shiga, mu jiƙa ta cikin ruwan ɗumi, mu goge ta ta bushe. Mu cire tsumman nan, sa'an nan mu ɗaura.

8. Mu ɗaure notuna bi da bi, wannan kaɗan, wancan kaɗan. Kada mu matse da ƙarfin tsiya, ƙarfen kan inji ba shi da tauri, haƙoransa su kan cinye.

9. Mu mai da kafireto da tiyo, mu buɗe mai, mu duba ko yana ɗiga. In babu, mu ta da babur, mu sake gwajin ruwa.

Wani lokaci an riga an murɗa kusoshin kafireto a da, don a ɓoye ciwon. In haka ne, ko da an sa sabuwar roba inji ba zai yi daidai ba sai makanike ya sake saita su. Mu kai masa, kada mu yi ta murɗe-murɗe. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

In roba ta tsage mana a daji, ba laifi mu naɗe ta da tsohon tif don mu isa gida. Amma wannan ba magani ba ne, zafi da fetur za su sassauta shi cikin 'yan kwanaki. Ran kasuwa mai zuwa mu sayo sabuwa. Kuma duk ran da mu ke juyen baƙin mai, mu taɓa robar nan biyu mu ji lafiyarsu. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin kafireto?
2. Me ke shiga inji in roba ta tsage?
3. Don me ba za mu yi gwaji da fetur ba?
4. Don me mu ke toshe ramin inji da tsumma?