Gidajen Da Ake Koyon Ilmin Teku Da Hannu

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, ina so in yi bayani a kan waɗansu gidajen nune-nune inda aka ƙara a kan wannan magana, watau ba gani kaɗai ba, har da taɓawa. Abin da suke koyarwa kuwa shi ne teku, wanda ya rufe kashi 71 cikin 100 na bayan ƙasa, amma yawancinmu ba mu taɓa sa shi a ido ba.

A gidajen tarihi irin na dā, kaya suna cikin gilashi ne, a gefe an rubuta kada a taɓa. A shekarar 1969 wani masanin kimiyya, Frank Oppenheimer, ya buɗe wani gida mai suna Exploratorium a birnin San Francisco na Amurka, inda ake son baƙo ya murɗa, ya danna, ya gwada da kansa. Gidajen nuna halittun teku ma sun bi wannan hanya.

Ga misali, gidan kifaye na Monterey a Amurka, wanda aka buɗe a 1984. Akwai wani tanki a ciki mai tsawon ƙafa 28, an dasa masa dogayen ciyayin teku, an kuma sa inji yana kaɗa ruwan kamar yadda igiyar ruwa take yi. Akwai kuma ƙananan kududdufai inda yaro zai sa hannu ya shafa halittar nan mai siffar tauraro, ma'aikaci na tsaye yana yi masa bayani. A nahiyarmu ma akwai irin wannan kududdufi a gidan Two Oceans na birnin Cape Town, wanda aka buɗe a 1995.

Wata dabarar kuma ita ce ta hukumar NOAA ta Amurka. Ana rataye wata ƙwallo mai faɗin kusan ƙafa 6 a ɗaki, na'urori huɗu suna haska ta har ta zama kamar duniya tana juyawa. A kanta mutum zai ga yadda ruwan ɗumi da na sanyi suke zagayawa, ko yadda ambaliyar tsunami ta 2004 ta ratsa tekun Indiya.

Wani zai ce, ina ruwanmu da teku? Ai kuwa da ruwanmu. Iskar da take kawo mana damina daga tekun Atilantika take ɗauko danshi, saboda haka geron da ke rumbu ma yana da nasaba da teku. Kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga tekun take, yawanci daga ƙananan tsirrai da ido ba ya gani. Ledar da aka jefa cikin kogin Kaduna kuwa, tana iya bin kogin Kwara ta faɗa teku, kunkurun ruwa ya haɗiye ta ya mutu. Wanda bai san abu ba, yaya zai kiyaye shi?

A ganina ba sai mun jira an gina mana irin waɗannan gidaje ba. A huda gora wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a cika ta da ruwa. Ruwan ƙofar ƙasa shi zai fi fita da ƙarfi, wannan shi ne nauyin da ke danne mai nutso. A narka gishiri giram 35 a litar ruwa ɗaya, a ɗanɗana, an ji ɗanɗanon teku ke nan.

Ina roƙon ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu ta shirya irin wannan tebur ranar ba da kyaututtuka. Iyayenmu kuma idan kun zo, don Allah kada ku tsaya kallo daga nesa, ku matso ku sa hannu.