Yuraniyom ɗin Nijar da ƙaryar santi 80

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wani saƙo yake yawo a WhatsApp, ya ƙi mutuwa: wai Faransa tana sayen kilo ɗaya na yuraniyom ɗin Nijar a kan santi 80 na yuro, sai da sojoji suka hau aka mai da shi yuro 200. Malami ya tura, ɗan kasuwa ya tura, kowa da “Allah Ya isa” a ƙasa. Na gaji da ganinsa.

Mu yi lissafi. Santi 80 bai wuce sefa 525 ba, kuɗin da ba zai cika cikin leburan da ya haƙo dutsen ba. Alhali tun a 2007, lokacin da Shugaba Tandja Mamadou ya ja daga da kamfanin Areva na Faransa, farashin kilo ya tashi daga sefa 27,300 zuwa 40,000. Ke nan ko tsohon farashin da Tandja ya raina ya ninka na saƙon nan fiye da sau 50. Haka batun wai ba don yuraniyom ɗin Arlit ba da Faransa ta kwana a duhu. Kafin juyin mulkin Nijar tana cikin manyan masu ba ta, gaskiya ne, amma tana saye a Kazakistan da Uzbekistan da Ostareliya, kuma Kazakistan ita kaɗai ke haƙo kusan kashi 40 cikin 100 na yuraniyom ɗin duniya.

Kada wani ya ce ina wanke Faransa. Abin da ke ba ni haushi shi ne cutar ta gaske ta ishe mu hujja, ba ta bukatar ƙari. Somaïr ta fara haƙa a Arlit a 1971, kuma har zuwa lokacin da gwamnati ta ƙwace ta a 2025 kashi 63 na hannun jarinta na kamfanin Faransa ne. Shekara da shekaru harajin ma'adinin yana tsaye a kashi 5.5, sai a 2014 aka sake zama. Shugaba Diori Hamani yana tsaka da neman ƙarin farashi Seyni Kountché ya kifar da shi a Afrilun 1974, ana cikin fari da yunwa. An rufe mahaƙar Cominak a 2021, an bar wa mutanen Akokan tudun sharar da ke fitar da guba, miliyoyin tan, iskar sahara tana kaɗawa. Ƙasar da ake kunna wa wasu fitila da dutsenta, ita kuwa kafin juyin mulkin akasarin wutarta daga Najeriya take sayowa. Da aka katse a Agustan 2023 Yamai ta gani a ƙwaryarta. Namu shugabannin da suka sa hannu su ma suna da nasu kason laifi.

To, ranar da ka kai wannan ƙara gaban wanda ya san harkar, ka buɗe baki da santi 80, ka gama kashe kanka. Zai kama ka da ƙarya ɗaya, ya yi watsi da gaskiya goma.

Saboda haka idan irin wannan saƙo ya shigo wayarka, dakata. Tambayi wanda ya turo inda ya samo. Mai da kuɗin zuwa sefa ko naira ka ga ko hankali zai ɗauka. Sannan ka karkata fushin inda zai yi amfani: a nuna wa jama'a yarjejeniyoyin da aka ƙulla. Nawa ake sayar da kilo yau, kuma ga wa? Nawa ke shiga baitulmali, nawa ke komawa Agadas, yankin da ake haƙar? Haka ma man Agadem da kamfanin CNPC na Sin ke turawa ta bututu zuwa gaɓar tekun Benin, an karɓi bashin dala miliyan 400 a kansa a 2024; da wane sharaɗi? Ko Bafaranshe ne mai saye, ko ɗan Sin, ko ɗan Rasha, tambayar ba ta canzawa. Ka yi ta ga ɗan jarida da shugaban ƙungiya da duk wani mai muƙamin da ya zo garinku, kuma don Allah ka daina tura saƙon nan.